Aska Takwas

Da asuba yatsuna ba nawa ba ne.
Sai na tsoma su cikin ruwan ɗumi
kafin su yarda su riƙe buta,
kafin su tuna ni ne Jatau,
wanda ya shekara arba'in a zaurensa na Kwarbai
yana ɗinka aska takwas a ƙirjin shadda.

Amosanin gaɓɓai, in ji likitar Shika,
wata Saratu 'yar Wusasa.
Ta jujjuya hannuna kamar mai tayin ƙwarya,
ta ce, "Baba, me kake ci?"
Na ce, "Abin da Allah ya hore."
Ta ce, "To, me ya hore jiya?"

Na lissafa, kaina a ƙasa:
tsiren Gambo na Ƙofar Doka, tsinke uku,
lemon kwalba mai raɓa,
shayi da sukari cokali huɗu,
miyar da dunƙule ya fi kuka yawa.

Sannan na zazzage ledata a teburinta.
Kwalabe bakwai, na wani yaro a Kwangila
mai lasifika a kan mota,
wanda ya rantse garin maganinsa
yana miƙar da gurgu kafin la'asar.
Ladan rigar ango guda ya tafi a nan.
Ta ture biyar gefe,
ta bar mini man kifi da ƙwayar ƙashi.
Ta ce, "Waɗannan ma 'yan rakiya ne.
Maganin asibiti kar ka ajiye shi."

Ranar da Lantana ta sauya girki
na ɗaga murfin kwano, na mayar.
Kwaɗon zogale, dafaffen wake,
karfasar Galma ba ta ga mai ba,
gishiri kuwa kamar an aro shi a maƙwabta.
Na ce, "Makoki ake yi a gidan nan?"
Ta ce, "Ci, Malam. Gwiwarka ce ta yi oda."

Citta da gangamau a kofin safe
sun rina mini gemu,
har jikoki na cewa Kaka ya sa lalle.
Gambo kuwa in ya hango ni
sai ya ƙara fifita garwashi da gayya,
ƙamshin kitse da ƙuli ya raka ni
har Babban Dodo.
Ba zan ɓoye ba, ran Sallah na faɗi.
Na ci, na ƙara, na siɗe yatsu.
Kwana biyu gwiwa tana yi mini shari'a,
Lantana tana gefe tana tsince shinkafa,
ba ta ce komai ba, kuma na ji.

Ban warke ba, kar wani ya kai labari.
In hadari ya haɗu a kan Kufena
ƙashina yana riga rediyo sani.
Amma mazagin wandona ya yi saura,
sandata tana kwana a bayan ƙofa,
kuma Juma'ar da ta wuce
goshina ya taɓa ƙasa a sahu,
bayan damina biyu ina sallah a kujera.
Na daɗe a sujadar nan.
Na kusa da ni ya zaci barci nake.

Yanzu Kuluwa, jikata, ke zura mini zare,
ta lasa bakinsa, ta kanne ido ɗaya,
ta miƙo allura kamar mai ba da aro.
Rigar da nake gamawa a wata biyu
ga ta tana neman na biyar.
Mai ita yakan zo daga Tudun Wada,
ya tsaya a bakin zaure, ya yi gyaran murya.
Nakan ce, "Alhaji, shigo ka gani,
ina kan aska ta shida.
Zauna, a kawo maka ruwan citta."